Ƙididdigar Kuɗin Gini: Za a Iya Koyonta Ana Aiki Ana Karatu?

Ga wasu tambayoyi da masu sha'awar zama QS, wato mai ƙididdigar kuɗin gini, suke yawan yi, musamman waɗanda ba za su iya ajiye aiki su koma makaranta zalla ba.

Wai mene ne ainihin aikin QS?

Mai zane ya zana, injiniya ya faɗi irin rodin da zai ɗauki nauyi, shi kuwa QS tambayarsa ita ce nawa ginin zai ci, kuma wa zai biya idan an samu ƙari. Yakan ɗauki zane ya auna komai dalla-dalla. A ce za a zuba kankare mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kauri santimita 15: kubik mita 12 ke nan. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 murabba'in mita 30 ne, amma sai an cire gurbin ƙofa da taga kafin a lissafa bulo da filasta. Rodi kuma da nauyi ake ƙiyasta shi, mai kaurin milimita 12 kowace mita ɗaya tana da nauyin kilo 0.888. Duk waɗannan ake tarawa a takardar da ake kira BOQ, wadda 'yan kwangila ke sa wa farashi lokacin neman aiki.

Awon nan rabin sana'ar ne. Da zarar an fara gini, QS ne ke zuwa wurin aiki duk wata ya duba abin da aka yi domin a biya ɗan kwangila daidai da shi, ya lissafa kuɗin sauye-sauyen da mai gini, wato wanda ya ba da aikin, ya kawo daga baya, ya kuma lura da kason da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100, har sai an gyara kurakuran aiki. A nan ne ake cacar baki, kuma wanda bai san abin da yarjejeniya ta ce ba zai sha kaye ko da lissafinsa daidai ne.

Sai na ƙware a lissafi?

A'a. Tarawa, ninkawa, kaso, da awon fili da zurfi sun wadatar. Natsuwa ta fi muhimmanci, sai iya Excel da iya karanta zane.

To haɗa karatun da aiki zai yiwu kuwa?

Zai yiwu, har ma a ganina wannan sana'a tana cikin waɗanda haɗawar ke yi wa amfani. A Ingila akwai tsarin digiri na koyon sana'a, wanda ake shafe kusan shekara biyar ana zuwa jami'a kwana ɗaya a mako, sauran kwanakin ana ofis ko wurin gini da albashi. Akwai jami'o'in da ke koyarwa daga nesa ta intanet. Wanda yake da digiri a wani fanni daban kuma yakan iya yin digiri na biyu na sauya fanni, shekara ɗaya idan karatu zalla ne, biyu idan da aiki.

Amma fa akwai sharaɗi. Haɗawar tana da riba ne idan aikin da kake yi yana da alaƙa da gini. Ɗalibin da aka koya wa ƙa'idojin awo da yamma, washegari ya ga babban QS yana musu da ɗan kwangila a kan kubik nawa aka haƙa, darasin ya zauna masa ke nan. Idan aikinka ba ruwansa da gini, fara neman gurbin mataimaki a kamfanin kwangila ko ofishin masu ba da shawara, ko da albashin ya ɗan ragu. Kuma ka shirya wa ƙarshen wata, domin lokacin ne ofis ke tafasa da takardun biyan kuɗi, kuma jarrabawa ba ta duba kalandar ofishinku.

Kowane kwas zan iya shiga?

Kafin ka biya ko sisi, bincika ko ƙungiyar ƙwararru ta amince da kwas ɗin. Wadda ta fi shahara a duniya ita ce RICS, da aka kafa a Landan a 1868. Ƙasashe da dama suna da tasu, kamar NIQS a Najeriya da AIQS a Ostareliya, wasu kuma doka ta wajabta rajista kafin mutum ya sa hannu a aiki. A tsarin RICS, mai digirin da aka amince da shi wanda bai daɗe a aiki ba yakan yi aƙalla wata 24 na horo a ƙarƙashin kulawa, ya rubuta bayani a kan wani aiki da ya yi da hannunsa, sannan ya zauna gaban kwamiti na awa ɗaya. Mai aiki yana karatu yakan zo wannan mataki da misalai a hannu.

Ɓangaren mai gini ko na ɗan kwangila?

QS na mai gini yana kare aljihun wanda ya ba da aiki, yana ba da shawara tun kafin a kafa tubali. Na ɗan kwangila yana kare ribar kamfaninsa, yana ciniki da ƙananan 'yan kwangila, takalminsa kullum da ƙura. Ga mai koyo na fi karkata ga na biyun, saboda a can ake ganin inda kuɗi ke zurarewa. A kowane ɓangare dai sai ka san nau'o'in yarjejeniya irin su FIDIC, JCT da NEC.

Kwamfuta ba za ta ƙwace aikin ba?

Manhajoji irin su CostX da tsarin BIM, wato zana ginin gaba ɗaya a kwamfuta tare da bayanan kayansa, sun rage wahalar awo ƙwarai, abin da ake yi da rula a kwanaki yanzu ana gama shi a sa'o'i. Sai dai manhaja abin da aka zana kawai take aunawa. Idan mai zane ya manta da magudanar ruwa, ko ruwan sama ya tsayar da aiki mako uku ana gardamar wa zai ɗauki asarar, mutum ne zai buɗe yarjejeniya ya nemo sakin layin da ya yi magana a kai.