Waiwaye: Zakin MGM da Kyanwar da Ta Zauna a Gurbinsa

Duk wanda ya taso yana kallon Tom da Jerry, a talabijin ne ko a faifan CD, ya san cewa kafin a fara guje-guje sai zaki ya leƙo ta cikin wani zobe mai ruwan zinariya, ya karkata kai ya yi ruri, sannan kiɗa ya tashi. Yara ba su cika tambayar abin da ya haɗa zaki da rigimar kyanwa da ɓera ba, amma wannan tambari da katin sunayen da ke biye da shi suna ɗauke da tarihin sashen katun na kamfanin Metro-Goldwyn-Mayer (MGM), musamman tarihin wanda ya mallaki aikin da wanda aka sakaya sunansa.

Zakin ya girmi kamfanin kansa. Tambarin Goldwyn Pictures ne tun asali, wanda jami'in tallarsa Howard Dietz ya tsara, kuma da aka haɗe kamfanoni uku a 1924 aka samar da MGM sai sabon kamfanin ya gaje shi tare da taken Latin da ke saman zoben, "Ars Gratia Artis", wato fasaha domin fasaha. Zakin farko, Slats, kallo kawai yake yi domin zamanin fim marar sauti ne. Sai a 1928 aka fara jin ruri daga bakin wani mai suna Jackie. Wanda masu kallon katun suka fi sabawa da fuskarsa shi ne Tanner, da aka ɗauka domin fina-finai masu launi na Technicolor tun daga 1934.

A farkon shekarun 1930 MGM ba ya zana katun da kansa, saye yake yi ya liƙa zakinsa. Ya fara da Ub Iwerks, tsohon abokin aikin Walt Disney, sannan ya koma ga Hugh Harman da Rudolf Ising, waɗanda aikinsu yake da kyau amma yawan kashe kuɗinsu ya dami kamfanin. A 1937 ya buɗe nasa sashen, ya ɗora Fred Quimby a kai, mutumin da ya fito daga harkar sayar da fim kuma bai taɓa zama mai zane ba.

A watan Fabrairun 1940 sashen ya fitar da Puss Gets the Boot, fim na farko na kyanwa da ɓeran nan, lokacin ma ana kiran kyanwar Jasper. William Hanna da Joseph Barbera ne suka tsara shi, amma wanda ya duba katin sunaye ba zai ga ɗayansu ba, sunan Ising kaɗai aka rubuta. Daga baya sunayensu sun hau kati a matsayin masu ba da umarni, sai dai sunan Quimby ne ya zauna a gurbin furodusa har ya yi ritaya a 1955. Daga cikin fina-finai 114 da mutanen biyu suka yi tsakanin 1940 da 1958, guda bakwai sun ci lambar yabo ta Oscar, kuma dukkansu da sunan Quimby aka bayar da su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A ganina wannan ne babban abin da katunan wancan zamani suke faɗa wa mai karanta su da idon basira, ko da yake za a yi wa Quimby adalcin cewa ya bar ma'aikatansa sun yi aikinsu ba tare da yawan katsalandan ba.

Masu zanen sun san nauyin zakin, shi ya sa suka riƙa tsokanarsa. Tex Avery, wanda ya baro Warner Bros. ya shigo MGM a farkon shekarun 1940 kuma ya ƙirƙiri karen nan Droopy, ya yi wani fim a 1944 mai suna Batty Baseball da ya fara kai tsaye ba tare da tambari ba. Ana cikin wasa sai ɗaya daga cikin 'yan wasan ya tsaya cak, ya tambayi inda aka baro zaki da sunayen waɗanda suka yi fim ɗin, aka ba shi haƙuri, aka koma aka nuna zakin, sannan labari ya ci gaba.

A 1957 MGM ya rufe sashen. Talabijin ya fara janye jama'a daga gidajen silima, kuma kamfanin ya lura cewa sake nuna tsofaffin katun yana kawo kuɗi kusan daidai da sababbi ba tare da an biya mai zane ko ɗaya ba. Wannan sake nunawa tana da wata illa da ta shafi batunmu, domin sau da yawa akan cire katin sunaye na asali a maye gurbinsa da sabo, ta yadda katin da muke gani a gaban wani fim na shekarun 1940 ba lallai ne ya zama wanda 'yan kallon farko suka gani ba. Hanna da Barbera kuwa a shekarar suka kafa nasu kamfanin, suka fuskanci talabijin.

Da MGM ya so farfaɗo da Tom da Jerry a 1961, sai ya miƙa aikin ga Gene Deitch, Ba'amurke mazaunin birnin Prague, wanda ya yi guda 13 da ƙaramin kasafi. A nan ma katin ya ɓoye wani abu. Lokacin yaƙin cacar baka ne, ƙasar Czechoslovakia, inda Prague yake a lokacin, kuma tana ɓangaren 'yan gurguzu, saboda haka aka sauya sunayen ma'aikatan zuwa masu kama da na Turawan Yamma, aka kuma cire jimlar nan ta ƙarshen fim da ke cewa a Hollywood ta Amurka aka yi shi, ba tare da an rubuta inda aka yi shi ɗin ba.

Buɗewar da ta fi kowacce armashi ita ce ta Chuck Jones, wanda ya yi guda 34 daga 1963 zuwa 1967. Tanner yana gama rurinsa sai ya ɓace, Tom ya bayyana a cikin zoben, ya buɗe baki zai kwaikwayi sarkin dawa amma abin da ya fito kukan mage ne da huci. Daga nan zoben ya rikiɗe ya zama harafin O na sunan Tom, Jerry kuma ya sami wurin zama a cikin harafin Y na nasa sunan. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan an mayar da alamar alfarmar kamfani abin dariya, kuma da yardar kamfanin aka yi.

Daga nan sai zaki da kyanwa suka raba gari ta fuskar mallaka. Ted Turner, ɗan kasuwar talabijin na Amurka, ya sayi MGM a 1986, ya sayar da sunan kamfanin da tambarinsa bayan 'yan watanni, amma ya riƙe rumbun tsofaffin fina-finan. Ya ƙara da sayen kamfanin Hanna-Barbera a 1991, ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992, sannan a 1996 kamfaninsa ya shige ƙarƙashin Time Warner, mai mallakar Warner Bros., wanda hakan ya mayar da Tom da Jerry dukiyar Warner Bros., tsohon abokin hamayyar MGM a fagen katun. Shi kuwa zakin, wanda aka sake ƙera shi da kwamfuta a 2021, ya koma hannun Amazon a 2022 a cinikin kimanin dala biliyan 8.5. Sababbin fina-finan Tom da Jerry da tambarin garkuwa na Warner suke buɗewa, yawancin tsofaffin kuma har yau Tanner ne yake ruri a gabansu.