Haƙurin Ayuba a Koyarwar Kirista

Haƙurin Ayuba na cikin misalan da Kiristoci suka fi jawowa daga Littafi Mai Tsarki idan ana koyar da halin da ya kamaci mai bi a lokacin wahala. Labarin yana cikin Littafin Ayuba na Tsohon Alkawari, mai sura 42, wanda yawancin masana ke ganin an rubuta shi tsakanin ƙarni na 7 da na 3 kafin haihuwar Almasihu. Annabi Ezekiyel ya ambaci Ayuba tare da Nuhu da Daniyel a matsayin adalai (14:14), a Sabon Alkawari kuwa sau ɗaya tak sunansa ya fito, a Wasiƙar Yakubu 5:11.

Labarin

Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, mai tsoron Allah, yana da 'ya'ya maza 7 da mata 3, tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun noma 500 biyu-biyu da jakuna mata 500. Shaiɗan ya yi zargin cewa ibadarsa ta neman riba ce, in aka taɓa dukiyar zai juya wa Allah baya, sai Allah ya ba shi izinin jarraba Ayuba. A yini ɗaya mahara suka kwashe dabbobin, wuta ta cinye tumakin, iska ta rushe gida a kan 'ya'yansa. Ayuba ya yaga rigarsa, ya aske kansa, ya yi sujada, ya ce tsirara ya zo duniya, tsirara zai koma, Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa. Wannan aya (1:21) tana cikin waɗanda aka fi karantawa a wurin jana'izar Kirista. Daga baya miyaku suka rufe shi daga tafin ƙafa har ka, matarsa ta ce ya zagi Allah ya mutu ya huta, bai yi ba.

Wane irin haƙuri?

A nan ne mai karatu na farko yakan sha mamaki. Ayuban da aka sani da haƙuri yana cikin sura biyu na farko ne. Daga sura ta 3 ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi ta kuka da gardama har sura ta 31, yana neman Allah ya fito ya gaya masa laifinsa. Wanda ya ɗauka haƙuri shi ne a haɗiye magana a yi shiru ba zai gane mutumin nan ba.

Masu fassara sukan warware wannan da kalmomin Helenanci na Wasiƙar Yakubu. A 5:7-10, inda aka kawo misalin manomi mai jiran damina da na annabawa, kalmar ita ce makrotumiya, wato doguwar zuciya. Da aka zo kan Ayuba a aya ta 11 sai aka canza zuwa hupomone, tsayawa a ƙarƙashin kaya ba tare da an jefar da shi ba. Jimiri ya fi kusa da ita a Hausa. Abin da aka yaba ke nan: duk zafin maganganunsa, ga Allah yake kai su, bai daina kiransa ba, har a tsakiyar kukan ya ce ya sani Mai Fansarsa yana raye (19:25). Karin maganar nan da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ta dace da shi, sai dai shi yana dafawa yana kuka da hayaƙi.

Abokan nan uku

Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo yi masa jaje, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan. Masu wa'azi da dama suna cewa wannan shi ne mafi alherin abin da suka yi. Da suka fara magana sai suka kafe a kan cewa ba a shan wahala sai da zunubi, don haka ya tuba. Ayuba ya kira su likitocin banza (13:4). Bayan Allah ya amsa masa daga cikin guguwa (sura 38 zuwa 41), ba tare da ya bayyana masa dalilin jarrabawar ba, sai ya tsauta wa abokan cewa ba su faɗi gaskiya a kan shi Allah ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (42:7). Ya umarce su su kawo bijimai 7 da raguna 7 hadaya, Ayuba kuma ya yi musu addu'a. Daga nan ikilisiya take ciro darussa biyu, kada a yanke wa mai wahala hukunci, kuma a yi wa wanda ya ɓata maka rai roƙo, domin nassin ya ce a lokacin da ya yi wa abokansa addu'a ne aka mayar masa da arzikinsa.

A tarihin ikilisiya

Giregori Babba, wanda ya yi Paparoma daga 590 zuwa 604, ya rubuta sharhin ɗabi'a a kan littafin mai kashi 35, inda ya ɗauki Ayuba a matsayin hoton Almasihu mai shan wahala. Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya yi wa'azi 159 a kan littafin a birnin Jeniba a 1554 da 1555, ya fi mai da hankali ga ikon Allah da ya fi ƙarfin fahimtar ɗan Adam. Kiristoci masu jin Hausa sun sami littafin cikin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma sunan ba baƙo ba ne ga maƙwabtansu Musulmi, tun da Alƙur'ani ya ambaci Annabi Ayuba a Suratul Anbiya da Suratu Sad.

Ƙarshen labarin ma bai rasa muhawara ba. An ninka masa dabbobinsa, tumaki 14,000 da raƙuma 6,000, ya ƙara shekara 140, wasu kuma sukan ɗauki wannan alkawari ne cewa duk mai jimiri zai yi arziki, abin da wasu malaman tauhidi ke ganin komawa ce ga ra'ayin abokan da aka tsauta wa. 'Ya'ya kuwa ba a ninka ba, goma aka sake ba shi. Wani tsohon bayani ya ce na farkon suna nan a wurin Allah, don haka su ashirin ne.