Waiwaye: Yadda Tsadar Abinci Da Mai Ke Jefa Jama'a Cikin Talauci, Daga 1973 Zuwa Yau

Sau huɗu tun daga 1973 farashin abinci da na makamashi suka yi tashin gwauron zabi tare a kasuwannin duniya: a 1973 zuwa 1974, da 2007 zuwa 2008, da 2010 zuwa 2011, sai kuma 2021 zuwa 2022. Kowane karo da musabbabinsa, amma hanyar da wahalar ke bi ta isa gidan talaka ba ta canza ba.

A 1972 damina ta yi gardama a wurare da dama, Tarayyar Sobiyet kuma ta kwashi hatsi mai yawan gaske daga Amurka, rumbunan duniya suka zaizaye. Ana cikin haka, a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa wasu ƙasashe mai, ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Yunwa ta yi ɓarna a yankin Sahel da Habasha da Bangaladash. Abin da ya sa aka kira babban taron abinci na duniya a birnin Rum a Nuwamban 1974 ke nan.

Abin da ya ɗaure mai da abinci ba a ɓoye yake ba. Takin yuriya daga sinadarin amoniya ake yin sa, amoniya kuwa daga iskar gas, kuma gas ɗin ne ke cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na kuɗin sarrafa ta. Tarakta da injin ban ruwa da injin niƙa da motar da ke kai hatsi kasuwa duk mai suke sha. Daga 2005, da Amurka ta kafa dokar gauraya fetur da sinadarin itanol na masara, sai aka samu igiya ta uku: duk lokacin da mai ya yi tsada, masana'antun itanol kan ƙara wa masara kuɗi, masara ta ja waken soya da alkama. Zuwa 2011 kusan kashi 40 cikin ɗari na masarar Amurka can take tafiya.

A gidan talaka lissafin gajere ne. Iyalan da ke ƙasa a ƙasashe masu tasowa kan kashe rabi zuwa kashi biyu bisa uku na abin da suke samu a kan abinci kaɗai. A ɗauki gidan da abinci ke cin kashi 60 cikin ɗari na samunsa. Idan farashi ya ƙaru da rabi, sai ya ba da kashi 90 kafin ya ci abin da ya saba ci. Saura kashi 10 ga haya da magani da makaranta da kuɗin mota, alhali su ma sun tashi. Tunda hakan ba zai yiwu ba, sai a fara yanka. Nama da ƙwai da madara da ganye ne ke fara fita daga tukunya, domin a kare hatsin da ke cika ciki. Daga nan a rage yawan ci a yini, kuma galibi uwa ce ke fara haƙura. In abin ya daɗe, a cire yaro daga makaranta, a sayar da dabba ko kayan sana'a a lokacin da kowa ke sayarwa, wato a farashin wulaƙanci.

Matakin farko shi ya fi ban tsoro, domin ba ya nunawa a ido. Binciken da aka yi a karkarar Jaba ta Indunusiya bayan rikicin tattalin arziki na 1997 zuwa 1998 ya gano cewa nauyin yara bai ragu sosai ba, amma ƙarancin jini ya ƙaru a cikinsu, iyaye mata kuma sun rame. Yaron da ya tsumbure a kwanaki dubu na farkon rayuwarsa, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, da wuya ya mayar da abin da ya rasa ko da farashi ya sauko bayan shekara guda.

Wasu kan ce ai tsadar abinci ribar manomi ce. Ga mai babbar gona, haka ne. Amma ƙaramin manomi a mafi yawan ƙasashen nan abincin da yake saya a shekara ya fi wanda yake sayarwa. Yana sayarwa da kaka saboda bashi da buƙata, lokacin da kaya ke araha, ya dawo kasuwa saye bayan wata biyar ko shida da farashi ya hau. Ga taki ya yi tsada, sai ya rage abin da yake zubawa, amfanin baɗi ya ragu. Gaskiya ne ladan ƙwadago a karkara kan bi farashi daga baya, amma sai bayan watanni ko shekaru, ciki kuwa ba ya jiran wannan.

Bayan 1974 farashin abinci ya sauka, ya daɗe a ƙasa, aka saki jiki. A shekarun 1980 da 1990, ƙarƙashin shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya IMF, ƙasashe da yawa sun rushe hukumomin sayen amfanin gona, sun rage hatsin ajiya, sun jingina da shigo da abinci. Kason noma a tallafin raya ƙasashe ya faɗo daga kimanin kashi 18 cikin ɗari a 1979 zuwa ƙasa da kashi 4 a 2004.

Haka 2008 ta same su. Gangar mai ta kai dala 147 a watan Yuli, fari ya ci alkamar Ostareliya. Amma labarin shinkafa ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin babu wani ƙarancin shinkafa na a-zo-a-gani a duniya a shekarar. Indiya ta taƙaita fitar da ita a Oktoban 2007, Biyetnam da Masar suka bi sahu, Filifin ta firgita ta shiga saye da yawa ko nawa aka ce. 'Yan kasuwa da magidanta suka fara ɓoyewa. Tan guda na shinkafar Tailan, wanda bai kai dala 400 ba a ƙarshen 2007, ya kai wajen dala 1,000 kafin watan Mayu. Abin da ya karya farashin shi ne labarin cewa Japan za ta saki wani ɓangare na shinkafar da ta tara. Tun kafin buhu ya motsa kasuwa ta fara sauka. Masana Will Martin da Kym Anderson sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 45 cikin ɗari na hauhawar shinkafar ya samo asali ne daga matakan da ƙasashe suka ɗauka don kare kasuwanninsu na gida. Kowa ya ja bargo gefensa, aka bar ƙasashen da ba su da abin fitarwa a cikin sanyi. An yi tarzoma a Kamaru da Burkina Faso da Masar, a Haiti kuma majalisa ta tsige firaminista a watan Afrilu. Bankin Duniya ya ce mutum kusan miliyan 100 na iya faɗawa talauci.

Ba a ɗauki darasi ba. A Agustan 2010 Rasha ta hana fitar da hatsi bayan tsananin zafi da gobarar daji, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta ƙarin mutum miliyan 44 cikin talauci a 'yan watannin da suka biyo.

Ɗaya matakin da gwamnatoci ke rugawa gare shi shi ne danne farashin mai ga kowa da kowa. Nazarin IMF a kan ƙasashe masu tasowa ya nuna kashi 20 cikin ɗari na masu hali suna samun ninki shida na abin da kashi 20 na ƙasa ke samu daga tallafin mai, fetur kuma shi ne ya fi karkata ga masu motoci. Sai dai kuskure ne a ɗauka cire tallafin ba ya taɓa talaka: fiye da rabin raɗaɗin ta kuɗin sufuri da farashin kaya yake zuwa, wanda bai taɓa sayen lita ba ma yana biya. Don haka jerin matakai ne ke raba nasara da fitina. A Mayun 1998 Indunusiya ta ƙara kuɗin mai a tsakiyar rikici ba tare da wani tanadi ba, kafin wata ya ƙare shugaban ƙasar Suharto ya sauka daga mulki. A Oktoban 2005 ƙasar ta ninka farashin, amma ta haɗa da biyan rufiya 100,000 na kuɗin ƙasar a wata ga gidaje kimanin miliyan 19, aka wuce ba tare da irin waccan tarzomar ba.

Tallafin kuɗi ma yana da inda yake lalacewa. Rajista kan tsufa, kuma waɗanda tsada ta talauta jiya ba sa cikinta, musamman ma'aikatan yini a birane. Biya kan makara har a riga a sayar da dabbobi. Darajar kuɗin kuma kan narke. Shirin tallafin Habasha na 2005 ya ƙayyade ladan yini don ya sayi kilo 3 na hatsi, amma a 2008 kuɗin ya kasa sayen hakan, jama'a suka koma neman a biya su da hatsi. Maganinsa a ɗaure adadin da farashin kasuwa, a sabunta rajista a kai a kai, a kuma gina hanyar biya tun lokacin kwanciyar hankali, domin ba a kafa ta cikin makonni.

Karo na huɗu ya zo da sabon nauyi. Da Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a watan Maris, hukumar raya ƙasashe ta majalisar, UNDP, kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 71 sun faɗa talauci cikin wata uku. Wannan karon ƙasashe sun fito daga annobar korona ɗauke da bashi, Amurka na ƙara kuɗin ruwa, dala na ƙarfi. Alkama da mai da taki duk da dala ake sayensu, shi ya sa ko da farashin duniya ya fara sauka a tsakiyar shekarar, a ƙasashen da kuɗinsu ya karye bai sauka ba. Siri Lanka, wadda ta hana shigo da takin zamani a 2021, ta kasa biyan bashinta a Mayun 2022, shugabanta ya tsere a Yuli, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 90 cikin ɗari kafin Satumba. A cikin shekarar Indunusiya ta dakatar da fitar da manja na 'yan makonni, Indiya ta hana fitar da alkama, a Yulin 2023 kuma ta sake rufe ƙofar farar shinkafa.