Ikon jami'an duba awo da ma'auni a Najeriya

Jami'an duba awo da ma'auni ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da ke tabbatar da cewa sikeli, famfon gidan mai da sauran kayan awon da ake ciniki da su ba sa tauye haƙƙin mai saye. Suna aiki a Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Ikonsu ya samo asali daga Dokar Awo da Ma'auni ta 1974, wadda ke babi na W3 a kundin dokokin tarayya na 2004. Tsarin Mulkin 1999 ya sa harkar cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, domin kilon Kano ya zama daidai da kilon Legas.

Jami'i na da hurumin shiga kanti, rumfa, ɗakin ajiya ko masana'anta a lokacin da ya dace, ya nemi a fito masa da kayan awo, ya gwada su da ma'aunin gwamnati da yake tafe da shi. A gidan mai, yakan sa a zuba fetur cikin gwangwanin gwaji mai sanannen adadin lita, a ga ko abin da mita ta nuna shi ne ya zuba. Na'urar da ta ci gwaji sai a buga mata hatimi. Wadda ta faɗi a hana aiki da ita har a gyara, kuma jami'i na iya kwace ma'aunin da ya samu na algus ne. Wannan hatimi shi ne ƙashin bayan aikin, domin mai saye ba ya yawo da sikelinsa. Shaidar hukuma ce kawai madogararsa.

Ikon yana da iyaka. Jami'i na bincike da kwacewa, amma yanke hukuncin tara ko ɗauri aikin kotu ne. Hana shi gudanar da aikinsa laifi ne, haka ma jabun hatimi. A gidajen mai kuwa, hukumar NMDPRA mai kula da rarrabawa da sayar da man fetur, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ma tana rufe famfon da ke tauye lita.

A ƙasar Hausa wannan aiki ya girmi dokar. Littattafan fiƙihu sun ɗora wa muhtasibi, wato jami'in hisba, duba mudu da sikeli a kasuwa, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo. Sai dai har yau ana sayar da hatsi da mudu da tiya, waɗanda girmansu ke bambanta daga gari zuwa gari. A nan ne talaka ya fi cutuwa idan aka buga gindin kwano ya shige ciki, kuma galibi sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi ne ke raba irin wannan gardama.