Lakar gaɓar teku da halittun cikinta

Lakar gaɓar teku ita ce taɓo da yashin da suka kwanta a ƙasan ruwa, tun daga bakin gaɓa har zuwa zurfin kimanin mita 200. Yankin bai kai kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma a nan ne, tare da bakunan manyan koguna, mafi yawan ragowar halittun da teku ke binnewa take kwanciya. Wata ragowar ta ƙananan tsirran saman ruwa ce, wato filankiton, da kan mutu su nitse. Wata kuma koguna ne ke kwaso ta daga tudu.

Duk abin da ya isa ƙasa abinci ne. Tsutsotsi da ƙaguwa da dodon koɗi suna ci, suna haƙa ramuka, suna jujjuya laka yadda tana ke yi wa ƙasa. Ta waɗannan ramuka ruwa mai oksijin ke ratsawa ciki, don in babu su, oksijin ba ya wuce 'yan milimita a cikin taɓo. Daga nan zuwa ƙasa sai bakteriyar da ke numfashi da sinadarin salfet na cikin ruwan teku a maimakon oksijin. Su ne ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan haɗu da sinadarin ƙarfe ta mai da laka baƙa ƙirin. A 1982, masanin Danmak Bo Barker Jørgensen ya nuna cewa wannan hanya na iya cinye har rabin ragowar da ke ruɓewa a lakar gaɓa.

Inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, takan wanke taɓo ta bar yashi, ragowa ba ta samun zama. Inda ruwa ya lafa kuwa, sai ta taru.

Amma oksijin na ruwan da ke ƙasan teku shi ne mai yanke hukunci, kuma yawan abinci kan zama masifa. Idan filankiton ya yi yawa, ruɓewarsa kan shanye oksijin. Zafi na ƙara dagula lamarin: ruwan ɗumi bai riƙe oksijin sosai, kuma yakan zauna a sama ya hana ruwa gauraya. Da zarar oksijin ya yi ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ya gudu, masu rami su fito fili, waɗanda ba sa iya motsi su mutu. Masu jujjuya laka sun tafi, sai ragowa ta jibge. A Tekun Meksiko, takin zamanin da kogin Misisipi ke kwasowa yana ƙara yawan filankiton, ya haddasa haka duk lokacin zafi. A 2017 yankin da abin ya shafa ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700.

Ba ko'ina ne laifin mutum ba. A gaɓar Peru da Namibiya, iska ce ke sa ruwan sanyi mai taki ya taso daga zurfi, saman ruwa ya cika da kifi, ƙasansa kuwa ya rasa oksijin. A lakar Namibiya aka gano Thiomargarita namibiensis a 1997, bakteriyar da girmanta kan kai milimita 0.75, har ido na ganinta ba tare da madubin ƙara girman abu ba.