Waiwaye: Tukunyar Makaranta da Gonakin Ƙasar Zazzau

Ciyar da mai neman ilimi tsohuwar al'ada ce a Zariya. Tun kafin zuwan boko, malamin da ya tara almajirai a zaure yana da gonarsa da ɗalibai ke nomawa da damina. Manoma su fitar da zakkar hatsi da kaka, maƙwabta su aiko da tuwo, ƙaramin almajiri kuma ya samu uwar ɗakin da ke ajiye masa kwano. Tsarin yana da aibinsa, yau ma ya gaji har ya koma bara a wurare da yawa. Amma abincin daga gonar garin yake fitowa, ba ya jiran sa hannun wani a Abuja.

Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka, bai zo da tukunya ba. Yaro ya sha koko ko ya ci ɗumame in akwai, in babu ya tafi haka nan. Malaman karkara sun san lokacin da abin ya fi tsanani: daga faɗuwar damina zuwa fitowar sabuwar masara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, iyaye kuma suke buƙatar hannun yara a gona. Nan aji ke raguwa, waɗanda suka zo kuma gyangyaɗi ya kwashe su kafin tara.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa abincin rana cikin abin da ya kamata ɗalibi ya samu kyauta. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta fara gwaji a jihohi 12 da Abuja, bisa tunanin da NEPAD, shirin raya ƙasashe na Tarayyar Afirka, ke yaɗawa a nahiyar cewa a ciyar da yara da amfanin gonar yankinsu, manomi ya samu kasuwa, yaro ya samu abinci. Yawancin jihohin suka watsar cikin 'yan shekaru. Osun ce ta riƙe shi, ta ma sabunta shi a 2012. Ƙasar Burazil, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta ɗaure nata da doka a 2009: aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tarayya na abincin makaranta dole a kashe shi wajen ƙananan manoma. Mu ba mu ɗaure namu haka ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar.

Jihar Kaduna ta shiga da ƙarfi a Janairun 2016, zamanin Nasir El-Rufai. Makarantu suka cika maƙil, har da ƙananan da ba su isa shiga aji ba. Aka yi ta gunaguni cewa wasu yaran da sun ci suke kama hanyar gida. Ni ban ga abin zargi a nan ba, yunwar da ke gidajen ce ta fito fili. Kuɗin dai ya fi ƙarfin jihar, shirin bai yi nisa ba ya tsaya. A shekarar 2016 ɗin dai gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da na tarayya ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana. A 2022 aka ƙara zuwa naira 100. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙwai ɗaya ma ya fi wannan kuɗi. A Janairun 2024 gwamnatin Tinubu ta dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, har da na ciyarwa.

Matan da aka ɗauka girki su suka ɗauki nauyin da ba a gani. A lokacin ana tura musu kuɗi ta banki zango-zango, wani lokaci a makare. Wadda ba ta da jari ba za ta sayi buhu ba, sai mudu-mudu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, sau da yawa bashi. Manomin Giwa ko Soba ya sayar wa dillali masara da wake da kaka a farashin da ya faɗi, domin yana da bashin taki a wuyansa. Wata shida ko bakwai bayan haka mai girkin makarantar ɗansa ta sayi wannan hatsin da tsada. Riba ta tsaya a tsakiya, kwanon yaro ya ragu, manomi kuma bai ma san shirin da aka ce na ciyarwa da amfanin gonarsa ne ya shafe shi ba.

Abin ya fi ciwo a Zariya saboda abin da Allah Ya hore mata. A Samaru ake binciken noma tun 1922, kuma cibiyar binciken noma ta IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello ita ta fitar da irin masara SAMMAZ, da wake SAMPEA, da dawa SAMSORG, har da masara mai launin ruwan lemo mai sinadarin bitamin A. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar da kajin ƙwai na Shika Brown. NAERLS, mai kula da harkar malaman gona, tana nan cikin gari. Fadamun Galma da na yankin Hunƙuyi suna fitar da tumatir da attarugu da albasa har su yi kwantai da rani. Kayan faten wake da tuwo da miyar ganye duk suna kewaye da makarantun.

Hanyar da ba a gwada da gaske ba ita ce a saki kuɗin hatsi da kaka, a saya kai tsaye hannun ƙungiyoyin manoman ƙauyen, a adana a makaranta cikin buhunan da ke hana ƙwari. Inda makaranta ke da fili, iyaye su yi gayya su noma shi, ba yara ba. Mabuɗin sito ya kasance hannun kwamitin iyaye da mai gari da shugaban makaranta, a riƙa auna abin da ya fita a gaban jama'a. Hatsin da aka tara a Nuwamba zai ci gaba da ciyar da yara ko da kuɗin zango na gaba ya makara, ko an canja minista.