Aikin Malanta a Jami'a a Fannin Adabin Ingilishi na Zamani da Nazarin Bayan Mulkin Mallaka

Malantar jami'a a wannan fanni sana'a ce ta koyarwa da bincike a kan adabin da aka rubuta da Ingilishi daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, musamman na ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka a Afirka, kudancin Asiya da tsibiran Karibiyan. Mai wannan aiki yakan zauna a sashen Ingilishi ko na adabi. Yana koyar da ɗaliban digiri na farko, yana duba kundayen masu digiri na biyu da na uku, yana kuma wallafa maƙalu da littattafai, waɗanda da su ake auna shi idan lokacin ƙarin girma ya zo.

Asalin fannin

Adabin Ingilishi bai daɗe da zama darasin jami'a ba ko a Ingila kanta. Jami'ar Oxford ta buɗe masa makaranta a 1894, Cambridge kuma ta kafa karatun digiri a kansa a 1917. Tun kafin haka ana koyar da shi a Indiya, inda takardar da Thomas Macaulay, wani jami'in mulkin Birtaniya a can, ya rubuta a 1835 ta ƙarfafa manufar ba da ilimi da Ingilishi domin samar da 'yan ƙasa masu taya Turawa mulki. Gauri Viswanathan ta yi wannan bayani dalla-dalla a littafinta na 1989, Masks of Conquest, inda ta nuna cewa darasin ya fara kafuwa ne a matsayin kayan aikin mulki.

Haka ya shigo Afirka. Kwalejojin jami'a na Ibadan da Legon ta Ghana, waɗanda aka buɗe a 1948, da ta Makerere a Uganda, duk suna ƙarƙashin Jami'ar Landan ne a farko, manhajarsu daga can take zuwa, malamansu kuma akasari Turawa ne. Daga cikin ɗaliban da suka zauna a waɗannan azuzuwa ne aka sami Chinua Achebe da Wole Soyinka a Ibadan, da Ngugi wa Thiong'o a Makerere. A 1968 Ngugi da abokan aikinsa biyu a Nairobi, Taban lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi, a kafa wanda zai sa adabin Afirka, har da na baka, a tsakiyar karatu. An sake wa sashen fasali ya koma na adabi, Ngugi ya zo ya shugabance shi. Amma a ƙarshen 1977 gwamnatin Kenya ta tsare shi, bai sake komawa kujerarsa ba, daga 1982 kuma ya shiga gudun hijira, ya ƙarasa aikinsa a jami'o'in Amurka. Wannan tafarki, na farawa a gida da ƙarewa a waje, malamai da yawa sun bi shi.

A Birtaniya ƙofar farko ita ce darasin adabin ƙasashe rainon Ingila. Jami'ar Leeds ta shirya taro a kansa a 1964, aka fara buga mujallarsa a 1965. Jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, wanda aka fara a 1962 da Achebe a matsayin edita mai ba da shawara, ya sa malami ya sami littattafai masu araha da zai ɗora wa aji. Sai dai darasin ya zauna ne a gefen manhaja.

Abin da ya shigo da shi tsakar gida shi ne littafin Orientalism na Edward Said, Bafalasɗine malamin adabi a Jami'ar Columbia, wanda ya fito a 1978. Said ya nuna yadda rubuce-rubucen Turawa a kan Gabas, na masana da na marubutan hikaya, suka ƙera wata siffa ta mutanen can wadda ta yi wa mulki hidima. Shekara uku kafin nan Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts inda ya tuhumi marubuci Joseph Conrad da wariyar launin fata a labarinsa na kogin Kwango. Bayan su aka sami Gayatri Spivak da Homi Bhabha, duka 'yan asalin Indiya, waɗanda rubuce-rubucensu na 1988 da 1994 suka zama wajibin karatu ga mai neman digirin digirgir. Zuwa shekarun 1990 da wuya a sami babban sashen Ingilishi a Amurka ko Birtaniya da bai nemi malamin wannan fanni ba.

Matakan aiki

Sharaɗin shiga kusan ko'ina shi ne digirin digirgir. A Amurka wanda ya yi sa'a ana ɗaukarsa ƙaramin farfesa, ya yi kimanin shekara shida a matsayin gwaji, sannan kwamiti ya duba ayyukansa. In ya tsallake, ana ba shi tabbacin kujera ta dindindin tare da muƙamin mataimakin farfesa, ba kuma a sallamarsa sai da babban dalili. In bai tsallake ba, yakan sami shekara ɗaya ya nemi wani wuri. Tsarin ya samo ƙarfinsa daga sanarwar 1940 ta ƙungiyar farfesoshin jami'o'in Amurka a kan 'yancin malami. A manyan jami'o'in bincike, abin da kwamiti ke nema ga malamin adabi shi ne littafi guda na nazari wanda maɗaba'ar wata jami'a ta buga, galibi kundin digirinsa ne da ya sake wa gini. Cikakken farfesa kuma sai da littafi na biyu.

A Birtaniya matakan su ne lakcara, babban lakcara, mai bi wa farfesa, sannan farfesa. Dokar ilimi ta 1988 ta soke tabbacin kujera ga sababbin ɗauka. Tun 1986 hukuma ke auna binciken kowane sashe lokaci-lokaci, kuɗin da jami'a za ta samu kuma yana rataye da sakamakon, don haka ana ɗaukar malami ne ana lissafin abin da zai kawo a awo na gaba.

A Najeriya tsanin ya fi tsawo. Ana iya farawa daga mataimakin malami mai digiri ɗaya, a wuce mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, a kai farfesa. Yawanci shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, ana ba wa kowace maƙala maki, manyan muƙamai biyun ƙarshe kuma sai an aika ayyukan mutum ga masu tantancewa na wajen jami'ar. Wannan lissafi na maki yana da illa a fannin adabi: yana tura malami ya yanka tunani ɗaya gunduwa-gunduwa ya watsa a mujallu, alhali nazarin adabi mai nauyi littafi yake bukata da shekarun zama a kansa. Ga cunkoson aji, domin malaman sashen Ingilishi ne sau da yawa ke ɗaukar darasin amfani da Ingilishi da duk sabon ɗalibi ke yi. Ga kuma yajin aiki. Na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 ya kai wata takwas.

Kasuwar aiki

Guraben dindindin a sassan Ingilishi na Amurka sun ragu ƙwarai bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, ba su kuma koma yadda suke ba. Mafi yawan masu koyarwa a manyan makarantun ƙasar yanzu ba sa kan layin tabbacin kujera. Da yawa ana biyansu ne a kan kowane kwas, ba ofis na kansu, ba tabbacin za a sake kiransu zango mai zuwa. A Birtaniya ma kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ya zama ruwan dare ga sabon dakta, wasu jami'o'i kuma sun rage ma'aikatan sassan adabi saboda ƙarancin ɗalibai. Malamin wannan fanni yana da wata matsala tasa ta daban. Sashe kan ɗauki mutane da dama su raba adabin Ingila ƙarni-ƙarni, amma ya ɗauki mutum ɗaya ya ɗora masa Afirka da Indiya da Karibiyan gaba ɗaya, nauyin da ya fi ƙarfin kowane masani.

Muhawara a kan inda kujerun suke

Babbar sukar da ake yi wa fannin daga cikinsa ta fito. Aijaz Ahmad a 1992 da Arif Dirlik a 1994 sun yi zargin cewa nazarin bayan mulkin mallaka ya fi bayyana halin masanan da suka yi ƙaura zuwa jami'o'in Yamma fiye da halin talakawan ƙasashen da ake magana a kansu. Sukar tana da tushe. Manyan mujallu da maɗaba'u da kuɗin bincike suna Amurka da Birtaniya, malamin da ke Zariya ko Kampala kuma sau da yawa ɗakin karatun jami'arsa ba ya iya biyan kuɗin mujallar da ake nazarin adabin ƙasarsa a ciki. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da mulkin soja sun kori manyan masana daga Najeriya: Abiola Irele ya bar Ibadan zuwa Jami'ar Jihar Ohio, Biodun Jeyifo ya bar Ife zuwa Amurka inda ya koyar a Cornell da Harvard, Achebe ya yi shekarunsa na ƙarshe a Kwalejin Bard da Jami'ar Brown.

Akwai lokacin da tafiyar ke bi ta Najeriya ma. Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kent a 1982, ya zama farfesan adabin Ingilishi da na bayan mulkin mallaka a can har ya yi ritaya, sannan ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2021. Daga cikin waɗanda suka yi aikinsu a gida akwai Zaynab Alkali, marubuciyar The Stillborn na 1984, wadda ta koyar a Jami'ar Maiduguri, ta kuma zama farfesar Ingilishi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi.

Batun harshe bai warware ba. Ngugi ya kafa hujja a 1986 cewa adabin Afirka na gaskiya shi ne wanda aka rubuta da harsunanta, amma kujerun fannin suna sashen Ingilishi ne, ana kuma ɗaukar mutum ne a kan abin da ya sani na rubutun Ingilishi. A jami'o'in arewacin Najeriya adabin Hausa yana sashen harsunan Najeriya, na ajami da Larabci wani lokaci yana sashen Larabci, don haka Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda aka rubuta a tsakiyar zamanin mulkin mallaka, ba kasafai suke shiga ajin da ake nazarin wannan mulki ba. A 'yan shekarun nan tallace-tallacen aiki a Amurka sun fara sauya wa gurbin suna zuwa adabin Ingilishi na duniya. Masu goyon baya na cewa sunan ya fi faɗi, masu suka kuma na cewa ya cire maganar mulki da tarihi daga sunan aikin, ya kuma ƙara ɗaure shi da harshe ɗaya.